Akwai makoma a binciken enzayim kuwa?

Halima_Gangare:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a bayokemistiri a nan Jos, furojet ɗina kan linamares ne, enzayim ɗin rogo (enzayim furotin ne mai hanzarta sauyin sinadarai) da ke farfasa sinadarin linamarin ya saki gubar sayanayid. Shi ya sa ake jiƙa rogo ko a gurza shi kafin a ci. Aikin ya shiga raina, amma Baba cewa yake in nemi aikin banki. Yayyena, me kuka gani?

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai, amma sai da haƙuri. Ni amiles na yi wa digiri na biyu, wanda ke cikin tsiron hatsi da dankali, yake mai da sitaci sukari har kunu ya yi zaƙi. Wata huɗu ina tace shi, aka ɗauke wuta kwana uku, firiza ta narke. Na auna enzayim ɗin, ko motsi babu. Zama na yi a ƙasa kawai.

Ki sani binciken aikin enzayim daban, binciken siffarsa daban. Siffar enzayim ta farko da aka gano ita ce ta laisozayim, David Phillips a Landan, 1965, da hasken eksire. Irin wannan aiki yawanci sai an fita waje.

Maman Nana:
Dakta, kar ka tsorata yarinya mana! Yanzu AlphaFold na hasashen siffar furotin a kwamfuta, masu shi sun samu Nobel a 2024. Halima, ki leƙa cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ga ta nan kusa.

Halima_Gangare:
Na gode Anti. To Baba fa, wa zai lallashe shi?