Taswirar 3D ko ƙarin ramuka: wanne ya fi?

Mai Guduma: Salamu alaikum 'yan uwa. Mun haƙa ramukan gwaji kaɗan a filin da muke neman zinariya, wasu sun ci karo da jijiyar dutse mai ɗauke da zinariya. Sauran kuɗin ba zai ɗauki abu biyu ba: ko mu biya a zana mana taswirar ƙarƙashin ƙasa ta 3D, ko mu ƙara ramuka. Wanne kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka koyi Surpac kawai, manhajar zana taswirar ma'adinai ce, ita manya ke amfani da ita.

Tsohon Soja: Ƙanena, bari ka ji nawa. Wani ƙwararre ya zana mana tamu da manhajar Leapfrog, jan launin da ke nuna zinariya ya miƙe kamar kogi, masu zuba jari har da tafi. Da muka bi taswirar muka huda, farin dutse muka yi ta cirowa. Ashe ramukan farko sun karkace a ƙasa, ba wanda ya auna karkatarsu, ga karaya a dutsen da ta raba jijiyar gida biyu. Manhajar cike gurbi take yi tsakanin rami da rami da lissafi. Inda babu bayani sai ta haɗa abin da Allah bai haɗa ba. Muka kira mutumin, ya ce ai bayananmu ne ba su da kyau. To me ya hana shi faɗa kafin ya karɓi kuɗi?

Hajiya Jiyoloji: Lasisin manhajar na shekara ai bai wuce kuɗin rami guda ba.

Injiniya: Hajiya wane rami? Ni da na tambaya ya fi ramuka da yawa.

Ɗalibi: Manhajar GemPy kyauta ce, in dai ka iya Python, yaren rubuta manhaja.

Injiniya: Kai yaro, ka taɓa riƙe dutsen da aka ciro daga rami? A dokar JORC, ƙa'idar rahoton ma'adinai ta Ostareliya, sai mai gogewar shekara 5 a irin ma'adinin ke sa hannu a rahoto.

Hajiya Jiyoloji: Kai ɗin ka cika biyar ɗin ne? Mai Guduma, zinariya ba ta bazuwa daidai, rami biyu a kusa sai su ba ka sakamako daban. Ko an yi maka kriging, wato lissafin ƙiyasta yawan ma'adini tsakanin ramuka, da ramuka kaɗan matakin hasashe za ka tsaya.

Ɗan Barkwanci: A zana mini tawa, a sa ja ko'ina, in nuna wa surukina.

Tsohon Soja: Ni ɗakunan gwajin ma nake zargi. Na raba samfuri ɗaya gida biyu na aika, sakamako ya dawo kamar daga duwatsu biyu.

Hajiya Jiyoloji: Ka sa samfurin wofi a ciki, wanda ba zinariya a cikinsa, don ka gwada su? A filin kamfanin Kanada na Bre-X a Indonesiya barbaɗa zinariya aka yi ta yi a samfuri har asiri ya tonu a 1997, daga nan Kanada ta kawo dokar rahoton ma'adinai ta NI 43-101.

Mai Guduma: Jama'a, ramuka ko taswira?

Tsohon Soja: Tsaya tukuna, wane ɗakin gwaji ka kai naka?