Sitiyarin motata na rawa a hanyar Gombe zuwa Bauchi

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman bakanikai. Corolla ce ta 2004. A cikin garin Gombe lafiya lau, amma da na hau hanyar Bauchi na kai gudun kilomita 100, sai sitiyari ya kama karkarwa har hannuna ya yi sanyi. Taka birki ba ya ƙara ta.

An yi balansin sau biyu, na mayar da tayoyin baya gaba, shiru. Da aka ɗaga ta a jak, tayar hagu na motsi in an girgiza ta gefe da gefe, sama da ƙasa kuwa daram. Cikinta ma na cinyewa. Wani ya ce tayarod ne, wani ya ce bushin. Don Allah ta yaya zan bambance kafin in sayi kaya? Iyali nake ɗauka ranar Juma'a.