Neman kalma: me za mu kira "remontée capillaire" da Hausa?

Mai koyar da gini: Assalamu alaikum. Malamai da iyayen gidana a sana'a, taimako nake nema. Takardun da ake koya wa yara gini da su a nan Maraɗi da Faransanci suke, kuma akwai kalmomi biyu da yaran ke haɗawa wuri guda, infiltration da remontée capillaire. Duka biyun "bango ya sha sanyi" muke cewa. Gyaransu kuwa ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya kira su da suna ɗaya magani ɗaya zai yi musu, watau ya sake fenti. Ina son kalmar da magini zai faɗa wa mai gida ya gane daga inda ruwan ya fito. "Hawan danshi" na fara tunani.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a ƙirƙira sabuwa, a duba abin da ke hannu. Danshi hali ne, ƙasa mai danshi ita ake shuka a kai, bai nuna ruwa yana tafiya ba. Laima ta ɗaki ce ko ta ƙasa. Yoyo sai an ga ruwan yana ɗiga. Amma idan ruwa ko mai ya ratsa abu, ya ɓullo a ɗaya gefen yana faɗaɗa sannu a hankali, naso ake cewa. Sabon tulu yana naso, zufa tana naso a riga. Wannan tabon da kuke gani a bango, naso ne. Sai dai masu sana'a su faɗa mana irinsa nawa ne.

Injiniyar gini: Naso ya zauna daidai, Malam. Ni zan raba shi da inda ya fito: nason ƙasa shi ne remontée capillaire, nason sama shi ne infiltration ta ruwan sama.

Nason ƙasa haka yake faruwa. Bulo da filasta da tubali cike suke da ƙananan kafofin da ido ba ya gani. Idan gindin bango yana zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kafofin nan suna jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan yana hawa har inda abin da iska ke busarwa ya yi daidai da abin da ke hawowa, shi ya sa yakan tsaya ƙasa da mita ɗaya, da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi. Alamarsa: tabon ya fara daga daɓe, ya bi tsawon bango, bakinsa na sama yana lanƙwashe-lanƙwashe, kuma a nan ne farin gari ke taruwa. Nason sama kuwa daga bisa yake gangarowa, ko ya fito tsakiyar bango inda akwai tsaga ko ƙarƙashin taga. Yana yin duhu kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, ya dusashe idan an yi kwanaki ba a yi ruwa ba. A nan ya fi kama bangon gabas, saboda daga can hadarinmu ke tasowa da iska.

Tsohon magini: Hajiya, bayaninki ya fita. Mu dai a bakin aiki "bango yana tsotso" muke cewa, kuma na fi son sa don yana nuna bangon ne ke jan ruwan da kansa. Amma ba zan ja da naso ba.

Abin da nake son yara su riƙe shi ne ƙasar garin nan iri biyu ce. Bayan ambaliyar 1945 aka hawar da gari daga bakin gulbi zuwa tudu. Wajen fadama akwai laka, tana riƙe ruwa, tana kuma ɗaga shi sama sosai. Tudu kuwa yashi ne, yashi mai tsakuwa ba ya ɗaga ruwa da nisa. Saboda haka in ka ga nason ƙasa a gidan da ke kan tudu, kada ka ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Zagaya bayan bangon ka duba. Ko indararo yana zuba a gindinsa, ko rariya ta toshe, ko ramin ruwan wanka yana manne da shi, ko an jera randuna, ko an shuka fulawa ana ba ta ruwa kullum. Sannan titi yana tashi shekara bayan shekara da yashin da ruwa ke kawowa da cikon da ake yi, har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu. Wannan shi ya fi yawa.

Mai gyaran famfo: Baba, a ƙara na uku, nason tiyo. Tabo ne wuri guda, kusan zagayayye, bayan makewayi ko madafa, kuma bai san rani da damina ba. Gwajinsa ba wuya. A rufe duk famfunan gida, a rubuta lambar da ke jikin na'urar da ke ƙirga ruwa, a jira awa 2 ba wanda ya taɓa ruwa, a sake dubawa. In ta motsa, tiyon shigowa ne ya fashe. In ba ta motsa ba amma tabon yana ƙaruwa bayan an yi wanka, na fitar da ruwa ne, ko kuma tsakanin karo, watau tayil, ne ya buɗe. A kula, ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: ruwa yana bin jikin tiyo ko ramukan bulo ya ɓullo nesa da inda ya fashe, don haka kada a fara fasa bango daga tsakiyar tabo. A fara da mahaɗa da gwiwar tiyo mafi kusa. Kuma in akwai soket a jiƙaƙƙen bango, a kashe wutarsa tukuna.

Mai koyar da gini: Madalla. To condensation fa? Da salpêtre?

Injiniyar gini: Condensation ba naso ba ne, don ruwan daga iskar ɗaki yake sauka a kan bango mai sanyi. Raɓar bango zan ce. A Maraɗi ba ta da yawa, sai cikin Agusta a ɗakin da ake rufewa da na'urar sanyaya ɗaki, ko bayan kabad. In ana shakka, a manna leda mai faɗin santimita 50 kowane gefe a kan tabon, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana 2. Ruwa a fuskar da ke kallon ɗaki, raɓa ce, buɗe taga ya isa. Ruwa tsakanin leda da bango, naso ne.

Mai fenti: Salpêtre kam muna da sunansa tuntuni, kanwar bango. Gishirin da ruwa ya kwaso daga ƙasa da siminti ne, ruwan ya bushe ya bar shi. Yana girma a ƙarƙashin fenti ya tura shi, shi ne wannan kumburin da ke fashewa ya zubar da gari. Ya fi tsanani inda ake ɗaure awaki ko ragon layya jikin bango, saboda fitsarinsu. Kada a wanke ta da ruwa, narkewa za ta yi ta koma ciki ta sake fitowa. A goge ta a bushe da buroshin waya, a share garin a fitar. Abin da ke damuna shi ne masu rufe tabo da fentin mai ko karo. Ruwan bai daina hawowa ba, an dai hana shi fita ne, sai ya ƙara hawa ya ɓullo saman karon, ko ya fita ta ɗakin maƙwabci.

Malamin Hausa: Kanwar bango da raɓar bango sun yi, kowa zai gane. Tsotso kuma a bar shi ga aikin, naso ga abin da ake gani: bango yana tsotson ruwa, sai nason ƙasa ya bayyana. Ka ga maganar Baba ba ta faɗi ba.

Injiniyar gini: Saura guda, ita ce ma ta fi muhimmanci a koya, arase étanche. Shimfiɗa ce da ake yi a kan tushe kafin a ɗora bulon farko, don ta yanke wa ruwa hanya. Kaurinta santimita 2, kwaɓi mai ƙarfi, buhun siminti mai kilo 50 ga yashi kamar lita 90, watau buruweti ɗaya da rabi, da maganin hana ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalinsa. Ko a shimfiɗa takardar kwalta, inda aka yi haɗi a ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 20. Dole ta fi ƙasar waje tudu da aƙalla santimita 15, kuma kada filasta ta sauko ta tsallake ta ta taɓa ƙasa, in ba haka ba ruwan zai bi ta filastar.

Ginin da aka riga aka gama, da waje ake farawa. A rage ƙasar da ta taru a gindinsa, ba tare da an tone tushe ba. A tsawaita indararo ya zubar nesa. A yi daɓen siminti zagaye da ginin, faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya, yana gangarawa waje da santimita 2 a kowace mita. Sannan a ɓamɓare filasta har santimita 50 sama da bakin tabon, domin gishiri ya riga ya zauna cikinta. A bar bulon a buɗe ya sha iskar hunturu makonni, har gwajin leda ya fito a bushe. In bayan duk wannan naso ya dawo da damina, sai a yanke layin siminti na ƙasa a cusa takardar kwalta, mita ɗaya a lokaci guda, ana tsallake mita ɗaya, sai wanda aka cike ya kama a dawo kan na tsakani. In aka yanke gaba ɗaya bango zai zauna ya tsage.

Tsohon magini: Wannan shimfiɗar makarin naso ce, tunda makari shi ke karya ƙarfin abu. Amma yanke-yanken nan na bulon siminti ne kawai. Ginin ƙasa ba a yanka shi, kuma ba a rufe gindinsa da siminti, domin laima za ta taru a baya tubalin ya ruɓe, wata rana filastar ta faɗo da rabin bango. Shi yaɓensa na ƙasa ne da makuba, a yi masa dakali a gindi, a sabunta kafin damina.

Malamin Hausa: Baba, ni shamaki na so in ce, amma shamaki a tsaye yake, wannan kuwa a kwance. Makarin naso ya fi.

Mai koyar da gini: Shi zan rubuta, tare da nason ƙasa, nason sama da nason tiyo. Hajiya, ba a faɗi gyaran nason sama ba.

Injiniyar gini: A hau dal, watau rufin kankare, bayan ruwa a ga inda ya kwanta. Galibi bakin indararo ne ya cika da yashi da leda, ko kusurwar da dal ya haɗu da rawanin gini. A cike kwarin, a ba shi gangara ta santimita 2 a mita zuwa indararo, kuma abin hana ruwan ya hau jikin rawanin da santimita 15, kada ya tsaya a kwance. Tsagar bango a buɗe ta da ɗan faɗi, a share, a jiƙa, a cike. In tabon silin ja ne, ƙarfen cikin dal ya fara tsatsa, sai injiniya ya gani kafin a rufe.

Mai fenti: Sabuwar filasta, buhu ɗaya ga buruweti 2 na yashi mai tsabta marar laka. Cikin hunturu a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma kwana 7, in ba haka ba iska za ta busar da ita kafin ta kama, ta tsattsage. A jira kwana 28, sannan fentin ruwa ko farar ƙasa.