Rakun ta haihu a saman silin gidanmu, yaya za mu raba ta da gidan ba tare da cutar da 'ya'yanta ba?

Maman Iman, Mississauga

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka riga mu daɗewa a Kanada. Yau kwana goma ke nan muna jin motsi mai nauyi a saman silin ɗakin yara, yana farawa bayan magariba, ya lafa, sannan ya dawo gab da asuba. Da farko na ɗauka ɓeraye ne, amma takun ya fi na ɓera nauyi nesa ba kusa ba. Shekaranjiya maigidana ya leƙa da tocila, sai ya yi ido biyu da rakun, wato dabbar nan mai girman babbar kyanwa, mai baƙin gashi kewaye da idanu da wutsiya mai zobe-zobe, tana kwance a cikin audugar hana sanyi da ta yayyage. Ta shiga ne ta inda katakon bakin rufi ya ruɓe, kusa da indararo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani siririn kuka da muke ji tun jiya, kamar na 'ya'yan tsuntsu, wanda ya sa nake zaton ta haihu. Wani kamfani da muka kira ya ce zai ɗana tarko ya tafi da ita, ya kuma toshe ramin a rana ɗaya, amma da na tambaye shi makomar 'ya'yan bai ba ni amsa mai gamsarwa ba. Ba na son ta ci gaba da zama a kan yarana, kuma ba na son alhakin jarirai su mutu da yunwa a cikin rufina. Wace hanya ce ta dace?

Ɗan Katsina a Hamilton

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zatonki daidai ne, domin muna cikin Afrilu, kuma tsakanin Maris da Mayu ne rakun ta fi haihuwa, yawanci 'ya'ya uku zuwa biyar. Ana haifarsu idanunsu a rufe, ba sa buɗewa sai bayan kamar mako uku, kuma ba sa iya bin uwarsu waje sai sun kai mako takwas zuwa goma. Saboda haka duk wanda ya ɗauke uwar yanzu ya toshe ramin, ya yanke wa 'ya'yan hukuncin kisa ne, ke kuma a bar ki da wari da ƙudaje a saman ɗakin yaranki. Idan kuwa aka toshe alhali uwar tana waje, za ta ɓalle rufin ta wani gefen don ta koma wurinsu, domin hannuwanta suna da ƙarfi da dabara ƙwarai.

Akwai kuma maganar doka. A nan lardin Ontariyo, dokar kare kifi da namun daji ta 1997 da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta ba su yarda a kai dabbar da aka kama nesa ba. Idan za a sake ta, sai a cikin awa 24 kuma a tazarar da ba ta wuce kilomita ɗaya daga inda aka kama ta ba. Sa mata guba ma haramun ne. Kilomita ɗaya ba komai ba ne a wurin rakun, saboda haka tarko ba ya magance matsalar, gyaran rufin ne maganinta. Shawarata, in za ku iya jure motsin, ku yi haƙuri zuwa Yuni, lokacin da za ta fara fita da su da kanta. Malamai sukan kawo hadisin tsuntsuwar da wasu sahabbai suka ɗauke wa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fikafikai, Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su mayar mata da su. Damuwar da kike ji tana da tushe.

Baban Sadiq, Brampton

Hajiya, aikin rufin gidaje nake yi, kuma na sha tarar da irin wannan. Na yarda da bayanin Malam Ɗan Katsina, sai dai ban goyi bayan jira har wata biyu a saman ɗakin da yara suke kwana ba, domin fitsari da kashi suna taruwa a wuri ɗaya, su jiƙa silin, ga kuma wayoyin lantarki da ke bi ta wurin.

Abin da zan fara da shi shi ne a sa wurin ya gundure ta. Abin da ya kawo ta duhu ne da shiru, to a hana ta su. A rataye fitila mai haske wadda ba ta zafi, nesa da audugar, a kunna rediyo a tashar da ake magana ba kiɗa ba, dare da rana, har kwana uku ko huɗu. Rakun takan san maɓoya fiye da ɗaya a unguwa, kuma idan ta ga wurin bai yi mata ba, takan kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a baki ta sauya musu masauki. Don a tabbatar ta tafi, a cusa takardar jarida a bakin ramin. Idan ta yi dare uku ba a ture ta ba, kuma kukan ya ɗauke, sai a leƙa a duba lungu-lungu.

Idan ta ƙi tashi, a nemi masu aikin da za su shiga su ɗauko 'ya'yan da hannu, su sa su a akwati mai ɗumi a kan rufi dab da ramin, sannan su kafa ƙofa mai buɗewa waje kawai, wadda dabba za ta iya turawa ta fita amma ba ta iya komawa. Na taɓa tsayawa da dare ina kallon uwa ta fito ta irin wannan ƙofa, ta shinshina akwatin, ta ɗaga murfin da hannu, ta riƙa sauka da su ta jikin bishiya har ta kwashe duka huɗun. Ki tambayi kowane kamfani ko haka yake aiki, wanda ya ce a'a ki sallame shi.

Bayan an tabbatar babu komai a ciki, a sauya katakon da ya ruɓe, a rufe wurin da ragar ƙarfe mai kauri wadda ba ta tsatsa, a ɗaure ta da sukurori, ba ƙusa ba. A sa irin wannan raga a kan mashaƙar iskar rufi, musamman ta roba, da bakin bututun hayaƙi. A sare rassan da suka kai kan rufi, koren kwandon shara kuma a riƙa kulle shi.

Malamar Jinya, Toronto

Yaya, zan ƙara bayani kan lafiya, saboda kin ambaci yara. Kashin rakun yana iya ɗaukar ƙwan wata tsutsar ciki wadda idan ta shiga jikin mutum, musamman ƙaramin yaro mai kai hannu baki, tana iya kaiwa ga ido ko ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita ba ta da yawa, amma tana da muni idan ta faru. Ƙwan yana zama mai hatsari bayan mako biyu zuwa huɗu da yin kashin, yana daɗewa da rai, kuma ruwan bilic ba ya kashe shi, sai zafi irin na tafasasshen ruwa. Wanda zai kwashe ya sa safar hannu da takunkumi, ya ɗan yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a zubar da audugar da ta ɓaci gaba ɗaya.

Maigida kuma kada ya yi yunƙurin taɓa uwar ko 'ya'yan. An samu ciwon haukan kare a jikin rakun a yankin Hamilton a ƙarshen 2015, har gwamnatin lardi ta riƙa watsa abinci mai ɗauke da rigakafi a dazuzzuka da unguwanni. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Maman Iman, Mississauga

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Mun mayar da yara ɗakinmu, maigida ya rataye fitila ya kunna rediyo tun la'asar, kuma na soke maganar tarkon. Baban Sadiq, wace irin ragar ƙarfe zan ce a kawo, kuma kwana nawa ya kamata a bar ƙofar nan a jikin rufi kafin a cire ta a toshe ramin?