Gasa da jarrabawa a mako guda: abin da ɗalibai 'yan wasan kare kai suka gani

Ɗalibin Judo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a jami'a, kuma ina fafatawa a judo a rukunin kilo 73. A zangon da ya wuce gasa ta faɗo kwana uku kafin jarrabawata ta farko, kuma da yake sai da na zubar da kilo huɗu cikin mako ɗaya domin in tsallake awon nauyi, na riƙa zama gaban littafi da yunwa da ƙishirwa, ina maimaita shafi ɗaya sau uku ba tare da komai ya zauna mini ba. Na ci wasa biyu a gasar, na faɗi darasi ɗaya. Yanzu abokan atisaye suna ba ni shawarar in fara shan kiriyatin (sinadarin da 'yan wasa ke sha domin ƙara wa tsoka ƙarfi) da garin nan na ƙara kuzari da ake damawa kafin atisaye. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su faɗa mini abin da suka gani.

'Yar Taikwando:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na sha kiriyatin, giram 3 zuwa 5 a rana, kuma ba ya cikin abubuwan da aka haramta wa 'yan wasa. Na ga amfaninsa a ƙarfin bugu, musamman a zagaye na uku, lokacin da ƙafa ta saba yin nauyi. Sai dai yana sa tsoka ta riƙe ruwa, kuma cikin mako biyu na ƙara fiye da kilo ɗaya, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai wasa a rukunin kilo 57. Tun daga nan ba na gwada sabon abu sai a lokacin hutu, nesa da gasa da jarrabawa. A ganina, kilo huɗun da kake zubarwa su suka fi cutar da karatunka.

Tsohon Ɗan Karate:
Ƙanena, garin kafin atisaye shi na fi jiye maka tsoro, domin na sha shi shekara guda ina ɗalibi. Atisayenmu na ƙarfe shida na yamma ne, kuma yawancin irin wannan gari cike yake da kafeyin, sinadarin nan na kofi mai hana barci, wanda jiki ke ɗaukar kusan awa biyar kafin ya rage rabinsa. Sai in kai ƙarfe biyu na dare idona biyu, in shiga darasin safe ina gyangyaɗi, da yamma kuma in ƙara shan garin saboda gajiya. Makina bai farfaɗo ba sai da na daina, na koma barcin awa takwas.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999 domin yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, tana sabunta jerin abubuwan da ta haramta kowace ranar 1 ga Janairu, kuma a dokarta ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya san ya sha ko bai sani ba. Wani ɗakin gwaji a Kolon ta Jamus ya taɓa bincika samfuri 634 na irin waɗannan kayan, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jikin kwalin ba. Shi ya sa yaran da nake horarwa yanzu ba sa shan komai sai mai tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, wato alamar cewa an gwada kayan domin gano haramtattun sinadarai, kuma ina sa su ajiye lambar kwalin.

Ɗalibar Harhaɗa Magunguna:
Malam ya yi gaskiya. Zan ƙara da cewa maganin sa fitsari da wasu ke sha domin rage nauyi haramtacce ne a dokar WADA. Game da karatu kuwa, a makon farko na kowane zango nake kai wa malamaina takarda mai ɗauke da ranakun gasa. Yawancinsu sun ɗaga mini gwaji. Ɗaya ya ƙi, sai na haƙura da gasar, kuma na ji zafin hakan ƙwarai, amma ban maimaita darasin ba.

Ɗalibin Judo:
Na gode muku duka. Na zauna da kocina jiya, mun yanke shawarar in koma rukunin kilo 81 bayan hutu, ko da zan fara da shan kaye a hannun waɗanda suka fi ni jiki. Garin kuzarin na fasa saya. Kiriyatin kuma zan jira a gama jarrabawa, sannan in tuntuɓi likitan ƙungiyarmu.