Muhawara: taku nawa ya kamata ka bari tsakaninka da mai su a kan ƙanƙara?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum jama'a. Ku raba mini gardama, don tun jiya abin yana cina. Ranar Asabar na shiga wani ƙaramin tafki da ya daskare a arewacin garin St. Cloud a jihar Minesota ta Amurka, karona na uku ke nan da yin su a kan ƙanƙara. Na huda rami har shida, tun ƙarfe biyu har kusan huɗu ko taɓa koton ba a yi ba. Can sai na hango wani dattijo zaune a kan bokiti yana ta ɗago kifin nan da suke kira crappie, ɗaya bayan ɗaya. Na ja kayana na matsa, na bar taku bakwai ko takwas tsakaninmu, na tayar da injin huda. Mutumin nan ya dube ni, ya naɗe fatsarsa, ya tattara kayansa, sai da zai wuce ya ce duk faɗin tafkin nan ban ga wurin zama ba sai kan cinyarsa. Ni ga matsayina. Tafki na jama'a ne. Lasisin da ya saya shi na saya. Dokar Minesota ta ce kada a kafa rumfar su ƙasa da ƙafa 10 daga wata rumfar, ni kuwa na ninka haka, kuma ko rumfa ba mu da ita mu duka. Wanda bai taka doka ba bai yi laifi ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka tayar da injin ka yi masa magana?

Ɗan Argungu: A'a Kawu. Me zan ce masa? Ba gonarsa ba ce.

Kawu: To nan gizo ke saƙar. Na fi shekara 20 ina shiga tafkunan nan, tun ana huda ƙanƙara da hannu ana haki. Ƙafa 10 ɗin da kake riƙe da ita iyaka ce da idan ka ƙetare jami'in hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wato DNR, zai iya rubuta maka takarda. Ba ita ce ma'aunin mutunci ba. Dattijon nan da ka gani a kan bokiti, ba a kan kifi ya faɗo daga sama ba. Wataƙila rami 30 ya huda kafin ya same su, yana jan kaya cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, yatsunsa sun ƙage. Kai ka zo ka tarar da tuwo a kwashe ka wanke hannu, ko sannu babu.

Ɗan Maradi: Kawu ku yi haƙuri, ni dai ina bayan ƙanena a wannan magana. Ina zaune a Kebek ta Kanada, kuma kowace shekara muna zuwa garin Sainte-Anne-de-la-Pérade. Daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu ana jera ɗakunan su ɗaruruwa a kan kogin, layi-layi kamar unguwa, har da hanyar mota da wutar lantarki. Kana cikin ɗakinka kana jin tarin maƙwabcinka. Kowa yana kama kifi, babu mai fushi. Ku ma can wajenku akwai gasar kamun kifi ta garin Brainerd a tafkin Gull, wadda aka fara tun 1991, mutum wajen 10,000 ke taruwa a lungu guda na tafkin. Idan kusantar juna laifi ne, to duk waɗannan masu laifi ne.

Ɗan Argungu: Yawwa Yaya. Mu da muka tashi muna kallon yadda ake faɗa wa kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, dubban mutane da gora da homa, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ban taɓa jin wanda ya ce an matse shi ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Kifin da Allah ya rubuta wa dattijon nan ba zai biyo ƙugiyata ba.

Kawu: Ranar biki kake magana. Ranar da ba biki ba, je ka jefa taru a kan inda wani Basarke ya kafa tarkon kifinsa na mali tun asuba ka ga ko zai ce maka rabon kwaɗo. Gasar Brainerd ma haka take: masu shirya ta ne ke huda ramukan, kowa ya sayi tikiti ya san cunkoso ya zo. Wanda ya yi tafiyar rabin mil a ƙafa ya keɓe kansa a tsakiyar tafki, shi ma ya faɗi abin da ya zo nema, ko bai buɗe baki ba.

Injiniya: Bari in sa baki ta fuskar abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar, don ba duka ba ne jin rai. Na farko ƙara. Sauti yana tafiya cikin ruwa fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska, kuma ƙanƙara kamar fatar ganga take. Injinka na fetur ne ko na batir?

Ɗan Argungu: Na fetur ne, na hannu na saya.

Injiniya: To ka gani. Idan ruwan mai zurfi ne, ƙafa 25 ko 30, garken crappie kan ɗan nutse ne ya dawo bayan wasu mintoci. Amma a ruwa mara zurfi, ƙafa 6 ko 8, musamman ƙanƙarar farko da ba dusa a kanta, ko takun takalmi yana watsa su. Ni da idona na gani a allon na'urata ta gano kifi: layuka jajaye uku, wato kifi uku, suna tasowa wajen koto, wani ya wuce da babur ɗin ƙanƙara, allon ya koma wayam, na fi minti 20 ban sake ganin komai ba. Kuma lokacin da ka zo shi ne mafi tsada a yinin. A watan Janairu rana kan faɗi wajen ƙarfe biyar a nan, kuma wannan sa'ar ta gab da magariba ita ce crappie da wani kifin da ake kira walleye suka fi cin koto. Mutum ya yini yana jiran ta.

Na biyu na'urar kanta. Irin su Vexilar da MarCum sauti suke harbawa ƙasa su saurari dawowarsa. Idan biyu suka yi kusa, kowace tana jin ta ɗayar, sai allon ya cika da layukan ƙarya suna zagayawa. Shi ya sa ma aka yi musu maɓallin rage wannan katsalandan. Amma gaskiya ɗaya ce, a inda kifi ya taru kowa ya sani, kamar wuraren zurfi na tsakiyar tafkunan da ke kusa da Minneapolis, taku takwas ba wani abu ba ne, haka kowa ke zama. Don haka ba zan ce akwai lamba guda ba.

Ɗan Argungu: To ai ka dawo kan maganata Injiniya. Tunda babu lamba, doka ce kawai lamba.

Injiniya: A'a, ban ce haka ba. Mutum nawa ne a tafkin a lokacin?

Ɗan Argungu: Mu biyu ne a wannan ɓangaren. Akwai wasu rumfuna can nesa wajen gaɓa.

Injiniya: To ni a irin wannan ba na zuwa ƙasa da taku 40 ko 50 sai an kira ni.

Ɗan Maradi: Akwai abin da kowa ke kewayewa. Da Bature ɗan'uwansa ne ya matso, ya za a yi ya faɗa masa wannan maganar? Mu faɗa wa juna gaskiya.

Maman 'Yan Biyu: Ɗan Maradi, wannan kam ba zan ce ba ya faruwa ba. Na taɓa fita da yarana sanye da hijabina a kan rigar sanyi, na ga irin kallon da wasu suka yi mana. Amma a kan maganar matsowa, wallahi junansu sun fi yi wa juna. Mijina ya sha ganin Turawa biyu suna zage-zage a kan rami. Kuma a tafkin da aka yi mana wancan kallon, wata tsohuwa ce ta kira 'yan biyuna ta ba su ramukanta, ta nuna musu yadda ake soka ƙaramin kifin koto a ƙugiya ta bayan ƙayar gadon bayansa don ya ci gaba da motsi. Abin da na yi kawai shi ne na tsaya daga nesa na gaishe ta na tambaye ta ko ana samu.

Sai dai ni ma ina da ƙorafi a kan ɗaya ɓangaren, kuma ina so Kawu ya amsa. Akwai masu mamaye wuri da gangan. Doka ta ba mutum fatsa biyu a kan ƙanƙara a Minesota, kuma tarkon nan mai tutar da ke ɗagawa idan kifi ya ci koto ana iya kafa shi har ƙafa 200 daga inda kake. Sai mutum huɗu su zo, su baza tutoci takwas a kewaye, su shige rumfa su kunna wuta, duk wanda ya doso su leƙo suna harara. Wannan fili ya fi filin ƙwallo. Shi ma ladabi ne?

Kawu: Ba ladabi ba ne 'yata, haɗama ce, kuma ina ƙin ta kamar yadda nake ƙin waccan. Haka masu ajiye ɗakin su a kan wuri mai kyau tun Disamba, ba sa zuwa sai ƙarshen mako, amma suna ganin sun sayi wurin har ranar da hukuma ta ce a kwashe ɗakuna a watan Maris. Ɗakin da ba kowa a ciki ba ya hana ka huda rami a gefensa. Wanda ke zaune yana su shi ake ba tazara. Tutar mutum kuwa a zagaye ta, kada a bi ta tsakaninsa da ita da mota ko babur.

Tunda na ambaci mota, wannan ma ba maganar ladabi ba ce, maganar rai ce. DNR ta ce a bar aƙalla ƙafa 50 tsakanin motocin da aka ajiye a kan ƙanƙara, kuma a riƙa gusar da su duk bayan awa biyu. Wanda ya zo ya jingina motarsa da taka ya ɗora muku nauyi biyu a wuri guda.

Malam: Na karanta duka. Ɗan Argungu, kana da hujja a rabin maganarka. Akwai hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Dattijon bai mallaki tafkin ba, bai mallaki kifin da bai kama ba. Amma malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba. Sun yi magana a kan abin da ake kira harimin rijiya, wato filin da ke kewaye da rijiyar da mutum ya haƙa a dajin da ba na kowa ba. Wasu mazhabobi sun yanka masa kamu 40. Malikiyya kuwa ba su yanka lamba ba, sun ce shi ne gwargwadon abin da idan wani ya shigo cikinsa zai cutar da ruwan ko ya ƙuntata wa masu ɗiba. Ba ina cewa ramin ƙanƙara rijiya ba ne a hukunci, amma tunanin ɗaya ne da abin da Injiniya ya bayyana da na'urarsa. Ka tambayi kanka ko zuwanka ya rage masa abin da yake samu. Ya tashi ya bar kifi yana ci, wannan kaɗai ya isa amsa.

Ɗan Argungu: Allah ya gafarta Malam, shi ya zaɓi ya tashi. Ban kore shi ba. Kuma bayan tafiyarsa guda biyu kacal na kama.

Injiniya: Biyun nan da ka kama su ne shaidar cewa injin ya watsa garken.

Ɗan Maradi: Ko kuma lokacin cinsu ne ya wuce. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan wannan. Ni har yanzu ina ganin dattijon ya fi shi laifi. Ya ga sabon shiga, da ya ce masa ɗana kashe injin, ga ramukana biyu da na bari can ka yi amfani da su. Baƙo ai koya masa ake yi, ba a yi masa gatse.

Kawu: Wannan na yarda da kai. Da ni ne haka zan yi, kuma mutanen nan da yawa haka suke yi. Amma ba na son yaronmu ya fita da tunanin cewa lasisi da ƙafa 10 sun wanke shi. Mu 'yan kaɗan ne a kan ƙanƙarar nan, ana gane mu daga nesa. Abin da ɗayanmu ya yi a tafki, da shi za a tarbi na bayansa.

Maman 'Yan Biyu: Ku ƙara masa da maganar shara ma. Tun 2023 doka ta hana ajiye shara ko ƙazanta a kan ƙanƙara a wajen rumfa, tarar dala 100 ce. Kuma idan ka bar babban rami ka sa masa alama, yarana sun taɓa zurma ƙafa har gwiwa a ramin da dusa ta rufe.

Ɗan Argungu: To. Rashin sallamar na karɓa, wannan kuskurena ne, kuma da a gida ne ba zan zauna kusa da dattijo ban gaishe shi ba. Injin ma zan daina tayar da shi kusa da mutane gab da magariba. Amma taku 50 ɗin Injiniya ban karɓa ba. Idan na gaishe shi na tambaya ya ce a'a, kuma nan ne kaɗai kifi yake, zan ba shi taku 20 in zauna.

Injiniya: Idan ya ce a'a ka zauna a taku 20, me ya sa ka tambaya?

Ɗan Argungu: Don ya san na ga girmansa. Ba don ya ba ni izinin tafkin gwamnati ba.

Malam: Nan kam sai mu ci gaba da saɓani, ni ina ganin wanda ya riga ka ya fi ka haƙƙi a wannan yammacin.

Kawu: Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan fita da sassafe. Ɗana, ka same ni a mashigar tafkin da ƙarfe shida da rabi, ka bar injin fetur a gida, ina da na batir. Za mu fara auna ƙanƙarar, idan sabuwa ce garau ba ta kai inci 4 ba ba mai taka ta. Zan nuna maka yadda ake neman garke da kanka, rami bayan rami, daga gaɓa zuwa zurfi. Ka zo da safar hannu biyu, ta farko za ta jiƙe.