Shin Hulagu ne ya rushe daular Abbasiyawa?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Duk lokacin da ake maganar faɗuwar Abbasiyawa, sai a ɗora alhakin gaba ɗaya a kan Hulagu, jagoran rundunar Mongol, wanda ya ci Bagadaza da yaƙi a shekarar 1258, ya kuma kashe Halifa Musta'asim. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya daular da ta shafe shekara ɗari biyar za ta faɗi cikin 'yan makonni?

Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun zamanin Halifa Mu'utasim aka fara dogaro da bayin Turkawa a matsayin sojoji, har ya mayar da fadarsa Samarra a shekarar 836, saboda rikicin da ke tashi tsakaninsu da mutanen Bagadaza. Sojojin nan ne suka kashe Halifa Mutawakkil a 861, daga nan kuma suka zama masu naɗa halifa da tuɓe shi. A 945 Buwaihiyawa, wani gidan sarauta daga ƙasar Iran, suka shiga Bagadaza, a 1055 Turkawan Saljuƙawa suka karɓe ta daga hannunsu, kuma a duk tsawon wannan zamani ana ambaton halifa a huɗubar Juma'a, ana buga sunansa a jikin kuɗi, alhali takobi da baitulmali suna hannun wasu. Halifa Nasir ya ɗan farfaɗo da ikon gidan daga baya, amma bai wuce ƙasar Iraki ba sosai.

Baƙon Zaure:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a ganina tushen matsalar kuɗi ne. Harajin gonakin kudancin Iraki shi ne ƙashin bayan daular, su kuma gonakin sun dogara ne da magudanan ruwa waɗanda sai an riƙa yashe su ana gyarawa. Tawayen bayi da ake kira Zanj, daga 869 zuwa 883, ya ɗaiɗaita yankin Basra. Da baitulmali ya kasa biyan albashi, sai aka koma ba manyan soja yankuna su riƙa karɓar harajinsu da kansu, wanda kuwa ya san gobe za a iya ƙwace masa yanki, tatsar manoma zai yi, ba gyaran magudana ba.

Malama Mai Nazari:
Ina da ɗan ja a kan yadda aka gina tambayar. Faɗuwar gidan sarauta daban, mutuwar ilimi da wayewa daban. A 1260 Mamlukawan Masar suka karya rundunar Mongol a Ainu Jalut, malamai suka kwarara zuwa Alƙahira da Dimashƙa, makarantu suka yawaita a can. Shi kansa Hulagu, duk da ɓarnar da ya yi, a ƙarƙashinsa ne Nasiruddin Tusi ya kafa cibiyar nazarin taurari ta Maraga. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya ce daula tana tashi ne da ƙarfin haɗin kan dangi, jin daɗi kuma ya raunana ta cikin zuriya uku, kimanin shekara 120. Wannan ma'auni ya fi dacewa da daulolin Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, da ya sani da idonsa, domin Abbasiyawa sun ninka wannan adadi har sau huɗu.